Kayan Gwamnati da Kayan Jama'a a Garin Keffi

A Keffi akwai dukiya iri biyu da babu mutum ɗaya da zai buga ƙirji ya ce tasa ce. Ta farko ita muke kira kayan gwamnati: ajin firamare, gadon asibiti, fitilar kan titi, bututun ruwa, motar ofis. Ta biyu ba mu cika sa mata suna ɗaya ba, amma kowa ya san ta: masallacin unguwa, coci, maƙabarta, filin idi, makarantar Islamiyyar da aka gina da karo-karo, rijiyar da wani bawan Allah ya haƙa a ƙofar gidansa ya bar wa mutane. In aka bi ta doka da hankali, duka biyun na jama'a ne. Amma ba riƙo ɗaya muke yi musu ba. Mutumin da ko buta ba zai iya ɗauka daga masallaci ba, sai ka tarar da bencin makarantar gwamnati a ƙofar shagonsa, kuma zuciyarsa ba ta taɓa tuhumarsa ba.

Maganganunmu na yau da kullum sun isa shaida. Ka ga yaro yana jifan ƙwan fitilar titi ka tsawata masa, wani babba daga gefe zai ce, "Malam, ƙyale shi mana, ai na gwamnati ne." Ka yi wa direban ofis magana a kan yadda yake faɗa wa ramuka da mota, amsar da za ka samu ita ce, "Ta ubanka ce?" Wanda aka ba muƙami, dangi na zuwa yi masa murna suna cewa Allah ya kawo lokacinmu. Wanda ya riƙe amana ya sauka ba gida ba mota, sai a ce dama ta zo masa ya yi sakaci. Amma a ce an kama wani da lasifikar masallaci, ko ya yanki wani ɓangare na maƙabarta ya sayar, ranar unguwa ba za ta kwana lafiya ba, kuma abin zai bi 'ya'yansa har wurin neman aure.

Na daɗe ina jin ana cewa dalilin a fili yake: ɗaya na Allah ne, ɗaya na mutane, tsoron Allah ke tsare na farko. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta ƙare zancen ba. Mutanen nan dai su ne, imaninsu bai canja tsakanin asuba da hantsi ba. Abin da ya sha bamban shi ne yadda aka tsara riƙon kowace dukiya.

Ɗauki ƙaramin masallacin unguwa, irin wanda za ka samu a Tudun Kofa ko Goriya ko Liman Abaji. Yana da liman da na'ibi da ladan, yana da ma'aji, galibi wani ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikaci da aka yarda da shi. Makullin ɗakin janareta yana hannun mutum ɗaya, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai nuna maka gidansa. Ranar da batirin sola ya mutu, bayan an sallame isha'i ma'aji zai miƙe ya ce, "Jama'a, don Allah a ɗan dakata." Ya buɗe littafinsa mai bangon kwali, ya karanta abin da ya shigo asusu a watan, abin da aka kashe a mai, abin da aka ba mai gyaran fanka, da abin da ya rage. Ya faɗi kuɗin sabon batir. Wani dattijo daga sahun gaba ya ce, "Alhaji, wancan batirin ai bai shekara biyu ba. Wa ya sayo shi, kuma a ina?" A ba shi amsa nan take, a gaban kowa. Kafin a watse mai shayi ya miƙa dubu ɗaya, tela ya ba da ɗari biyar, wani ya ce a rubuta masa dubu goma zuwa ƙarshen wata. Mako ba zai zagayo ba fanka ta dawo aiki. A coci ma haka abin yake tafiya: ana karanta baiko da abin da aka yi da shi, kwamitin gini yana da sunaye, kuma kowa ya san fuskokinsu.

Yanzu ka ɗan taka zuwa rijiyar burtsatsen da aka yi wa wannan unguwar a matsayin aikin mazaɓa. Ga tanki a sama, ga famfuna a jere, ga allo ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin da shekarar da aka yi shi. Allon bai faɗi nawa aka kashe ba, bai faɗi zurfin rijiyar ba, bai faɗi wanda za a nema in ta lalace ba. Ba a tambayi mutanen unguwa inda suke so a haƙa ta ba, wayar gari suka yi suka ga mota tana haƙa. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Ranar da injin da ke turo ruwa ya ƙone sai aka shiga kallon-kallo. Mai unguwa ya ce a kai wa kansila, kansila ya ce ba ƙaramar hukuma ta yi aikin ba, ofishin ɗan majalisa ya ce ba a sa kuɗin gyara a kasafi ba. Wata biyu ba ruwa, kawunan famfo suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, daga nan faifan sola ya bi su. Mata suka koma sayen jarka wurin 'yan garuwa, yara suka koma gangara rafin Antau da wanki.

Rijiyar nan ta fi batirin masallaci tsada nesa ba kusa ba, ta kuma fi shi yawan masu amfana, don ruwa kowa ke sha, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo. Abin da ta rasa shi ne mutumin da za a nuna da yatsa a ce ga mai riƙe da ita. Ta rasa ranar da ake karanta lissafinta. Kuma wanda ya kwance mata kan famfo bai ga fuskar wanda ya cuta ba, don haka ba ya jin kunyar kowa. A masallaci ɓarawo ya san cewa dubu ɗayar mai shayi ya ɗauka, kuma gobe da asuba kafaɗarsa za ta gogi ta mai shayin.

Wannan nisa da ke tsakaninmu da kayan hukuma yana da tarihi, kuma Keffi tana tsakiyarsa. Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, shi ya kafa garin wajen shekarar 1800, garin kuma ya zauna ƙarƙashin Zazzau yana kai gaisuwa Zariya. Ba zan yi wa wancan zamani kwalliya ba. Ɗaya daga cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan Hausa na kafin jihadi a Kitabul Farƙi shi ne ƙwace dukiyar talakawa da ɗora musu harajin da shari'a ba ta san shi ba, kuma bayan jihadi ma ƙabilun da ke kewaye da Keffi sun sha hare-haren neman bayi. Talaka ya daɗe da sanin cewa hukuma hannun karɓa take miƙo masa.

Zuwan Turawa ya ƙara faɗin ratar. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, Razdan ɗin da aka turo, ya nufi Kano inda Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan na cikin hujjojin da Lugga ya kafa ya tura sojoji suka ci Kano a Fabrairun 1903. Dutsen da ke ɗauke da sunan Maloni yana nan a garin har yau. Hukumar da ta kafu bayan nan ta baƙi ce, da bindiga ta shigo, kuma dukiyarta a idon mutane ta Nasara ce. A 1910 aka yi dokar da ta sa filayen Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, aka riƙa kwashe maza daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos a kan dole, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, da yawa kuma ba su dawo ba. Wanda aka yi wa haka, in ya samu shebur ɗin gwamnati ya ɓoye, ba zai ga kansa ɓarawo ba. Zai ga ya rage asara ne.

Duk da haka, zamanin En'e yana da wani abu da muka rasa. Baitulmalin da Baturen mulki Richmond Palmer ya fara gwadawa a Katsina, aka bazu da shi a masarautu daga 1911, ya sa wani kaso na haraji da jangali yana tsayawa a gida. Da shi ake biyan alƙali da ɗan doka da malamin elemantare, da shi ake gina ɗakin shan magani da rumfunan kasuwa. Magidanci yana da rasit a aljihu, ya san zafin kuɗin da ya biya, ya kuma san ginin da suka shiga. Akwai zalunci a karɓar harajin, shi ya sa talakawa suka yi murna lokacin da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, kuma murnar tana da dalili. Amma a daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya riga ya zama uwa ma ba da mama. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, kuɗi ya koma zuwa daga sama, daga Legas, daga baya daga Abuja. Abin da ya sauko daga sama, wanda ba ka ga fitarsa daga aljihunka ba, da wuya ka tambayi inda ya shiga.

Wani masani na Jami'ar Ibadan, Peter Ekeh, ya yi rubutu a kan wannan tun 1975. Ya ce mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka jama'a biyu a zuciya: ta gida, wato dangi da ƙabila da gari, wadda yake yi wa hidima yana jin kunyarta, da ta hukuma, wadda yake ɗiba daga cikinta ba tare da ya ji ya yi laifi ba, har ma a yaba masa in ya ɗebo daga ta biyu ya zuba a ta farko. Kimanin shekara hamsin ke nan, kuma har yau muna ganin jami'in da ya cinye kuɗin gyaran makaranta ya gina masallaci, a yi masa addu'a ranar buɗewa, babu mai tambayar daga ina.

Abin da ya fi damuna shi ne Keffi gari ne da kayan gwamnati ke riƙe da shi. Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda tarihinta ya faro daga 1949, ta yaye mutane daga ko'ina a Arewa, ciki har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya yi karatu a can daga 1965 zuwa 1969. Bayan an ciro Jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoban 1996, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta zo a 2000, sannan jami'ar jiha a 2001 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ɗan garin. Ruwan famfon da ake samu daga matatar Mada yake tahowa, ta bututu mai nisan gaske. Ka lissafa masu gidajen haya a Angwan Lambu, masu Keke Napep da 'yan acaɓa, masu abinci, masu shagon hoto da buga takardu, masu kemis a bakin asibiti, sannan ka tuna yadda kasuwarsu ta mutu a 2022 lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas a faɗin ƙasa. Tuwon gidaje da yawa a garin nan daga waɗannan gine-gine yake fitowa, ko da mai gidan bai taɓa karɓar albashin gwamnati ba.

A nan ne dukiyar jama'a ta unguwa, duk da kyan riƙonta, take nuna iyakarta. Karo-karo zai sayi batir, zai rufa masallaci, zai kewaye maƙabarta. Ba zai gina ɗakin tiyata ba, ba zai biya likitan ƙashi ba, ba zai ja bututu daga Mada ba. Kuma tana da wata tawaya da ba mu cika son faɗa ba: tana da iyaka a kan wanda take ɗauka nata. Masallacin ƙungiya kaza ba ya buɗe asusunsa ga mabiyin ƙungiya kaza. Asusun 'yan ƙabila yana binne ɗan ƙabila ne. Ɗalibar da ta zo daga Binuwai, da leburan da ya zo daga Zamfara, da Bagwandaren ƙauye da ya kawo matarsa tana naƙuda da tsakar dare, ba su da kwamiti a garin nan. Abin da suke da shi gadon asibitin gwamnati ne, wanda ba ya tambayar addininsu ko unguwarsu. Mai kuɗi in famfo ya ƙafe zai haƙa rijiya a gidansa, in makaranta ta lalace zai kai 'ya'yansa ta kuɗi, in asibiti ba magani zai kama hanyar Abuja, tafiyar da ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba. Wanda ba shi da ko sisi shi ke zama da abin da ya rage. In aka ce in zaɓi wadda lalacewarta ta fi cutar da talaka, ba na shakka, kayan gwamnati ne.

Kuma kada mu ɗauka kayan unguwa ba a cin su. An sha ganin kwamitin gini da ya tara kuɗi shekaru ginin bai wuce linta ba. An sha ganin magada sun tashi bayan rasuwar mahaifinsu sun ce filin da ya bayar aro ne. Bambancin dai shi ne a can rigima takan tashi da wuri, tun ɓarnar tana ƙarama, don masu dukiyar suna kusa.

Akwai kuma wani salon magana da ya fi "ba na kowa ba ne" haɗari, wato "ai namu ne." Mun ji shi a watan Oktoban 2020, lokacin da aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Bukuru da Gwagwalada da Kaduna da Yola da sauran wurare. Mutane sun fito ɗauke da buhuna suna cewa haƙƙinsu suka karɓa. Wanda ya ga abincin da aka ajiye ana yunwa ba zai ce fushin ba shi da tushe ba; in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma mai ƙarfi ne ya kwashi buhu goma, tsohuwa da gurgu ba su samu ko mudu ba, kuma a wasu wuraren har ƙofofi da kwanon rufi aka ɓalle. Ranar 1 ga Agustan 2024 aka wawushe cibiyar koyar da fasahar zamani ta hukumar NCC a Kano tun ba a buɗe ta ba, alhali matasan da suka shiga su aka gina wa. "Namu ne" na masallaci yana nufin ba wanda zai fita da shi. "Namu ne" na ranar wawaso yana nufin kowa ya ɗebi rabonsa tun bai ƙare ba. Kuma ba talaka ya fara wannan karatu ba, daga sama ya koyo shi. A watan Mayun 2021 'yan sandan Jihar Nasarawa sun gabatar da mutanen da ake zargi da kwance ƙarafan layin dogo a yankin Lafiya, cikinsu har da wani mai ba gwamna shawara, da jami'an tsaro, da wani ɗan ƙasar Sin da ake zargin shi ke saye. Yaron da ke yawo da kura yana jari bola shi ake gani, amma ƙarfen jirgin ƙasa ba ya tafiya sai da tirela da wanda zai buɗe mata hanya. Haka da aka yi ta sace murafen magudanan ruwa a Abuja har hukuma ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu a Janairun 2025, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wace masana'anta ke narkar da su.

Addinin da muke cewa shi ke tsare tabarmar masallaci bai raba dukiyar gida biyu ba. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara a kan ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba. Daga nan malamai suka ciro hukuncin waƙafi, wanda littattafanmu na Malikiyya ke kira hubusi. Amma a tafiyar yaƙin Haibara ne wani hadimi ya mutu da kibiya, sahabbai suna yi masa barka da shahada, Manzon Allah (SAW) ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci masa da wuta. Mayafin ba na masallaci ba ne, na taskar jama'a ne. Malamai ma sun nuna cewa cin irin wannan dukiya ya fi wuyar warwarewa, don wanda ya saci akuyar maƙwabci ya san ƙofar da zai je neman gafara, wanda ya karkatar da maganin asibiti kuwa bai san adadin waɗanda ke bin sa ba. Ina so in riƙa jin wannan a huɗuba da sunan abin: allon makaranta, man janaretan asibiti, awannin aiki da ma'aikaci ke sacewa. Sau da yawa akan ce a ji tsoron Allah a riƙe amana, a tsaya a nan, kowa ya fita yana zaton da wani ake.

Batun cewa ba mu biya ba, don haka ba namu ba ne, shi ma ba gaskiya ba ne. Tun Fabrairun 2020 harajin kayan masarufi ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, kuma yana cikin katin waya da siminti da kwanon rufi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, abin da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai, kuma daga aljihun ɗan acaɓa da fasinjansa ƙarin ya fito. Hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurdi da bashin bankin ƙasar Sin aka tagwaita ta, kuma daga Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗi a shingayenta, ƙaramar mota naira 500 a lokacin. Direbobi sun yi ƙorafi, amma na lura da wani abu: tun da suka fara miƙa kuɗi da hannunsu suna karɓar rasit, bakinsu ya buɗe. Ramin da da za su kauce masa su yi shiru, yanzu sai ka ji ana cewa, "To kuɗin da muke biya fa?" Wannan tambaya ita ce ta dattijon sahun gaba.

Taransifoma kuwa ta faɗa tsakiya. Tun Nuwamban 2013 rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni, kuma hukumar da ke sa ido a kansu ta sha nanata cewa sayen taransifoma da gyaranta nauyin kamfani ne. Duk da haka, unguwa nawa ce ta zauna cikin duhu har ta gaji ta yanka wa kowane gida kuɗi? Abin lura shi ne, taransifomar da aka yi wa karo-karo ita ake kewayewa da katanga a sa mata ƙofa da kwaɗo, a ɗauki 'yan sintiri, a sa fitila. Ba adalci ba ne mutane su sayi abin da zai shiga littafin kamfani, amma ya nuna cewa hannun da ya biya shi ke tsaro.

Wata masaniya 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta samu kyautar Nobel a 2009 a kan binciken irin wannan. Tun 1968 ake yawo da ra'ayin Garrett Hardin cewa duk abin da aka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa, sai dai hukuma ta karɓe ko a sayar wa mutum ɗaya. Ita kuwa ta bi makiyaya da masunta da masu noman rani a ƙasashe da dama, ta tarar da dukiyar tarayya da ta yi ɗaruruwan shekaru lafiya, matuƙar an san masu ita, su suka sa dokokinta, suna ganin mai karya su, kuma horon yana farawa daga ƙarami. Kakanninmu sun san haka a burtali da mashaya da ranar su, inda Sarkin Ruwa ke hana shiga tafki sai lokaci ya yi. Gwamnati ma ta gwada. Shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa daga 2009 ya sa al'umma ta zaɓi aikin da take so, ta kafa kwamiti, ta kawo kashi goma cikin ɗari, da kuɗi ko yashi ko ƙwadago. Makarantun firamare kuma an ce kowace ta kafa kwamitin iyaye da masu unguwa. Inda kwamitin ya zama na gaske, za ka gane tun daga tagogi. Inda hedimasta ya rubuta sunaye don cika takarda, awaki ke kwana a aji. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai yi amfani ne kawai in mutanen mazaɓu goma na Keffi sun san nawa ya shigo a wata, kuma kansila ya tsaya a gabansu ya karanta inda ya tafi. Ban ga abin da zai hana a liƙa wannan a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa ba, ko a rubuta kuɗin kwangila da lambar wayar mai gyara a jikin kowane allon aiki.

Akwai wuri guda da dukiyar biyu suka haɗu a cikin haɗari ɗaya, shi ne fili. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991, musamman bayan rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, jama'a suka kwararo Mararraba da Masaka, guguwar kuma ta iso Keffi. Gonar da ake bayarwa kyauta a da ta zama fulotai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, amma filin ƙwallon makarantar da ba ta da katanga ana cin sa taku-taku: yau rumfar mai gyaran babur, gobe kwantena, jibi tubali. Filin idi da maƙabarta da makarantar allo kuma yawancinsu da baki aka bayar da su, a gaban dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, kuma kunyar da ke tsare su ba ta kama dillalin da ya zo daga wani gari da takarda a hannu. A nan dukiyar unguwa ce ke buƙatar abin da hukuma kaɗai ke iya bayarwa, wato awo da hatimi. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato tana da ta zakka da waƙafi. A Nasarawa akwai NAGIS da ke rajistar filaye, akwai fadar Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa na Uku, da hakimai da masu unguwanni da suka san iyakar kowane wuri. Aikin da ya kamata a fara shi ne a zaga mazaɓa-mazaɓa tare da ma'auna, a auna kowace maƙabarta da filin idi da harabar coci da filin firamare, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da takarda da sunan al'umma ko makarantar, a ajiye kwafi ɗaya a fada, ɗaya a sakatariya, ɗaya wurin kwamiti, tun tsofaffin da suka halarci kyautar suna da rai su nuna inda aka tsaya.